Cokali Ɗaya na Man Gyaɗa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate, Chigarin Misau.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ka ɗauka, ni malamar firamare ce a ƙasar Kano, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Ban karanta likitanci ba. Abin da zan faɗa a wasiƙar nan wani a aji na gan shi, wani a tsakar gidanmu na tashi da shi, saura kuwa sai da wata ɗalibata ta kwanta sannan na bi likitoci da littattafai na tambaya. Na rubuto da Hausa ne don na san za ka ji ni ba tafinta, kuma ina so iyayen yaran da nake magana a kansu su ji abin da na faɗa maka.

Yarinyar tana aji uku lokacin, ba ta wuce shekara tara ba. Tun da na san ta idonta rawaya-rawaya yake, a gidansu an saba, ana cewa ai mai shawara ce. Sai tafiyarta ta fara canzawa. Idan na kira ta gaban allo, sai ta taho tana buɗe ƙafa tana tangaɗi, kamar wadda ke taka katifa. Rubutunta da yake tsaf ya koma hawa da sauka, fensir na suɓuce mata. Ranar da hadari ya haɗo aji ya yi duhu, sai da ta dafa benci ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai ƙofa. Na taɓa yi mata faɗa a gaban 'yan ajin, ina zaton shiririta ce, kuma har yau abin yana ci mini rai. A gida aka ce shafar iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi sadaka, duk cikin ƙauna da neman sauƙi, amma jiki sai gaba yake yi.

Kawunta ne ya gaji ya ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a birni, na raka su. Likitan ya zaunar da ita a bakin gado, ya ƙwanƙwasa gwiwarta da 'yar gudumar roba, ƙafar ko motsi. Ya sa ta rufe ido, ya lanƙwasa babban yatsan ƙafarta, ya tambaye ta sama ya yi ko ƙasa, ta kasa faɗa. Daga nan ya yi wata tambaya da duk shekarun nan ba wanda ya taɓa yi wa uwarta: yaya launin bayan gidanta yake? Aka ce fari-fari ne, mai maiƙo, tun tana goye. Da sakamakon jini ya dawo, bayan jira da kuɗin da sai da aka sayar da akuya, ya yi mana bayani. Hantarta ba ta tura ruwan matsarmama zuwa hanji yadda ya kamata, don haka duk maiƙon da ta ci wucewa yake yi, ya tafi da bitamin E da ke cikinsa. Rashin wannan bitamin ne ya yi shekaru yana cin jijiyoyinta a hankali. Aka ɗora ta a kan wani nau'insa na ruwa, wanda hanji ke iya sha ko da matsarmama ba ta taimaka ba. Tangaɗin ya tsaya bai ƙaru ba, amma bai tafi duka ba. Likitan ya ce wa kawun, da tun tana shekara biyu ko uku aka gano, da wuya abin ya kai ga ƙafafunta.

Ranka ya daɗe, kai likita ne, ba zan koya maka aikinka ba, amma ka ba ni dama in faɗi abin da na fahimta saboda masu saurare. A 1922 ne wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Herbert Evans da Katharine Bishop, suka lura cewa ɓerayen da aka hana wani sinadari a abinci ba sa iya riƙe ciki, shi ne aka sa wa suna bitamin E daga baya. Aikinsa a jikin mutum kuwa duk macen da ta taɓa ajiye mai za ta gane shi. Man da ya daɗe a buɗe, iska da rana suna dukansa, ɓaci yake yi, ya fara maƙaƙi a maƙogwaro. To fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halitta a jikinmu da maiƙo aka gina ta, ita ma tana iya irin wannan ɓacin, bitamin E ne ke zaune a cikinta yana tare ɓarnar. Idan ya yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini sukan fashe kafin wa'adinsu, garkuwar jiki ta yi rauni, idan abin ya daɗe kuma ya taɓa jijiyoyi da laka da ido. Bitamin ɗin kuma ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo. Ba ya shiga jiki sai da mai ya yi masa rakiya, kamar dai 'yan uwansa bitamin A da D da K.

Ba zan zuzuta magana ba. Irin abin da ya sami ɗalibata, har ya kai ga tangaɗi, ba kasafai ake ganinsa a yaro mai lafiyar hanji ba. Na kuma san a jerin abubuwan da ke hana ka barci, ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin A da zinki suna gaba da shi. Amma akwai yaran da haɗarin ke kansu kai tsaye, kuma a ƙasar nan ba kaɗan ba ne. Akwai masu ciwon hanta irin nata. Akwai masu gudawar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wata da watanni, hanji ya gaji ba ya riƙe komai. Akwai bakwaini, domin jariri a watannin ƙarshe na ciki yake tara kitse da bitamin ɗin da ke tare da shi, wanda ya fito da wuri hannu rabbana yake fitowa. Akwai waɗanda tamowa ta taɓa kayarwa suka tashi da ƙyar. Akwai ma wani nau'i na gado da likitocin Tunisiya suka bayyana a wasu zuri'o'in ƙasarsu, inda hanta ke kasa riƙe bitamin ɗin ko an ci shi, kuma ya fi fitowa inda ake auren zumunta, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne.

Sai masu amosanin jini, waɗanda su ne suka fi tsaya mini a rai, don ban taɓa yin shekara ba tare da ɗaya ko biyu a ajina ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, ba ƙasar da ta kai mu. Jininsu kullum cikin fashewa yake, jikinsu na cinye abin kariyar da sauri fiye da na sauran yara, kuma bincike da dama ya sami bitamin E a jininsu ƙasa da na takwarorinsu. Zazzaɓin cizon sauro ma fasa ƙwayoyin jini yake yi, ga shi a damina yaro ɗaya sai ya kwanta sau biyu ko uku kafin a yi girbi.

Waɗannan su ne masu ci jiki ya kasa riƙewa, ko ya ƙone shi da wuri. Amma mafi yawan yaran da ke gabana kullum matsalarsu ta fi wannan sauƙin faɗa: man ne babu a kwanonsu.

A gidan mai ƙuliƙuli na tashi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, da asuba take soya gyaɗa, mu murje mu bushe, a kai inji a niƙo. Sai ta juye a turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, gumi na zuba, har tunkuzar ta haɗe jikinta man ya taso ya kwanta a sama, ja-ja, ƙamshi ya cika unguwa. Kafin ta ɗura kwalba ko ɗaya ta sayarwa, sai ta cika wani ƙaramin kwano ta ajiye a gefe, ta ce wannan na bakin yara ne. Da shi muke cin ɗanwake, da shi ake kwaɗon zogale da rama, shi ake zubawa a kan dambu har ya yi sheƙi. Ba ta taɓa jin kalmar bitamin ba, amma ta san yaron da ba ya cin mai fatarsa kan yi furu-furu. Yau a unguwar da nake koyarwa har yanzu akwai mata masu wannan sana'a, sai dai ƙaramin kwanon nan ya ɓace. Man ya yi tsadar da ba a iya barin ko cokali, duk kasuwa yake tafiya don a sayo awon masara. Yara sai ƙuliƙuli, wanda yake da amfaninsa wajen gina jiki, amma yawancin bitamin E ya riga ya bi man ya shige kwalba. Wadda ta matse man da hannunta, da yamma ita ce za ta aiki yaro ya sayo ƙullin mai a leda, wanda bai fi a shafa wa gindin tukunya ba, don miyar mutum goma.

Abincinmu kuwa da ma da mai aka gina shi. Garau-garau, ɗanwake, taliya, dafaffen rogo, duk “da mai da yaji” ake ce musu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma duk uwar gida ta san abin da ake fara janyewa idan cefane ya gaza: nama ya riga ya tafi tun tuni, sai mai ya bi bayansa, a bar yaji da gishiri su rufa asiri. Hatsin ma da ya rage, mun saba surfa shi fes, ƙwayar idon da ke ɗauke da ɗan maiƙonsa ta bi dusa zuwa bakin awaki. Idan an tashi tara ina zagayawa in ga abin da yara ke ci. Wani garin kwaki ne a leda da ɗan sukari. Wani kuɗin tararsa ya sayi awara ko ƙosai da aka soya a man da ya kwana uku yana hawa wuta har ya yi baƙi, alhali maimaita suya na ƙone bitamin ɗin. Da yawa kuma ba komai, sai su zauna gindin bishiya su jira a koma aji. Ban ma zo kan almajirai ba, waɗanda su ma shekarun makaranta suke, abincinsu kuwa ragowar tuwo ne da ƙanzo, miyar ta riga ta ƙare a gidan da aka ba su.

Abin da ake buƙata ba mai yawa ba ne, shi ya sa abin yake da ciwo. A ma'aunin da masana abinci na Amurka suka fitar a 2000, wanda ake yawan aiki da shi, yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 na buƙatar miligiram 7 a rana, ɗan 9 zuwa 13 kuma miligiram 11. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa na ɗauke da kimanin miligiram 2. Cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, wajen giram 30, shi ma kusan haka. Manja na da nasa kaso mai kyau, ga kuma abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. A haɗa da ganye irin alayyafo da zogale, da mangwaro a lokacinsa, da ƙwai idan an samu. Wato cokalin mai a kan abinci da 'yar gyaɗa a hannu sun biya wa ɗan aji ɗaya fiye da rabin buƙatarsa ta yini. Kuma man nan ba bitamin E kaɗai yake shigarwa ba. Zogalen da muke ta yi wa iyaye wa'azin su ba yara, idan ba maiƙo a tare da shi, kaɗan ne daga bitamin ɗinsa masu narkewa a mai ke shiga jini.

Kuma ƙasar gyaɗa ce fa muke magana. Kakanninmu sun ga dalar gyaɗa a Kano, buhu kan buhu ana jiran jirgin ƙasa ya kwasa zuwa Ikko, kafin fari na farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 su karya noman. Har gobe muna cikin manyan masu noma ta a duniya. Abincin ledar nan da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda ke tayar da yaron da aka fid da rai, tushensa gyaɗa ce da mai da madara da sukari da bitamin. Muna jira sai yaro ya kwanta sannan mu ba shi da tsada abin da ake nomawa a bayan gidansu.

Ga inda nake neman ka sa baki, ranka ya daɗe. Yaron makaranta ba ya cikin lissafin kowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gaya mana kashi 37 cikin ɗari na yara sun tsumbure, kashi 68 na da ƙarancin jini, amma duk 'yan ƙasa da shekara biyar ake nufi. Binciken abinci na ƙasa da aka yi tsakanin 2001 da 2003 tare da cibiyar IITA ta Ibadan ya auna bitamin E, ya sami ƙarancinsa a fiye da ɗaya cikin kowane yara biyar, su ma 'yan ƙasa da biyar. Na 2021 ya fi karkata ga ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa, ya ɗan taɓo 'yan mata masu tasowa. Na fahimci dalili, kwanaki dubu na farkon rayuwa su ne ginshiƙi. Amma yaro ba ya daina girma ranar da ya cika biyar. Daga ranar da aka daina auna hannunsa a asibitin sha-ka-tafi har ya zama saurayi, ba mai sake ɗora shi a sikeli. Ina roƙon binciken da za a yi nan gaba ya ɗebi jinin 'yan shekara 6 zuwa 12, maza da mata, na boko da na allo, a auna har da bitamin E, a kuma duba yawan man da suke ci. Kai da ka jagoranci hukumar lafiya a matakin farko, ka kuma riƙe sashen lafiya da abinci mai gina jiki a Bankin Duniya, ka fi ni sanin cewa abin da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi.

Sai batun ciyarwa a makarantu. Na san ba a ƙarƙashin ma'aikatarka shirin yake ba, amma muryarka na da nauyi a majalisar ƙasa kan abinci mai gina jiki da Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagoranta, kuma ma'aikatarka ce ta cancanci ta faɗi abin da ya kamata ya shiga kwanon yaro. Shirin da aka fara a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka ɗaga zuwa 100, sannan aka dakatar da shi a farkon 2024. Na ga amfaninsa da idona, na ga aji ya cika har ana zama a ƙasa. Na kuma ga yadda mai dafawa, idan kuɗi suka gaza, take rage man don shinkafar ta isa kowa, ban kuma ga laifinta ba, domin kawuna ake ƙirga mata, ba a taɓa tambayarta cokali nawa na mai ta zuba ba. Duk sanda za a tsara abincin nan, ko na tarayya ko na jiha, a rubuta adadin man kowane yaro ƙarara kamar yadda ake rubuta awon shinkafa, a ware kuɗinsa daban. A sa kunun gyaɗa ko miyar gyaɗa a jadawali. A sayi man daga ƙungiyoyin mata masu matsa shi a garin, sabo, ba wanda ya yi wata yana shan rana a buɗaɗɗen duro ba. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki na kamfani, wannan abu ne mai kyau, amma amfaninsa sai ga yaron da man ya kai bakinsa.

A nan dole in faɗi haɗarin da ke cikin shawarata, don kada a gyara ɗaya a ɓata ɗaya. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, mai lalata hanta da tsumburar da yara, kuma sau da yawa rubabbiyar da aka tsince daga ta kasuwa ita ce ke komawa tukunyar talaka. In za a ciyar da yara gyaɗa, sai an bi ta tun daga gona: a shanya ta ta bushe ƙayau ba a kan ƙasa ba, a tsince, a adana inda ba laima, a taimaka wa manoma da maganin Aflasafe da aka samar a ƙasar nan don wannan matsala, a kuma riƙa gwada abin da aka sayo.

Abin da ba na roƙo shi ne kwangilar kafso. Bitamin E ya cika kemis-kemis, mata na saye su fasa su zuba a man shafawa, wasu na sha don neman haihuwa ba tare da likita ya ce ba. Yaro mai lafiyar hanji abinci ya ishe shi, yawan shan kafson kuma na iya hana jini daskarewa da wuri. A bar magani ga waɗanda likita ya ga suna buƙata. Su kuwa a sauƙaƙa musu: ma'aikacin ƙaramin asibiti ya san cewa yaro mai daɗaɗɗiyar shawara, ko gudawa mai maiƙo, ko wanda tafiyarsa ta fara karkacewa, na gaba ne, a tura shi da wuri. Gudumar roba ba ta da tsada, tambayar launin bayan gida kuma kyauta ce. A dakunan kula da masu sikila a riƙa tambayar uwa me yaron ke ci, ba maganin ciwo kaɗai ba. Gwajin jinin ya samu a manyan asibitocin koyarwa na Arewa a farashin da ba sai an sayar da dabba ba, haka shi ma nau'in maganin na ruwa, wanda kawun ɗalibata ya sha yawo kafin ya same shi. Mu malamai ma a koya mana alamomin, ko da na yini ɗaya ne, domin mu ne muke kallon tafiyar yaran nan kowace safiya daga bakin ƙofa zuwa benci.

Ɗalibar tawa yanzu tana ƙaramar sakandare. Ƙanwarta ce ke riƙe mata hannu idan za su tsallaka titi, kuma har yanzu ba ta fita bayan magariba sai da fitila, don ƙafarta ba ta gaya mata inda ta taka sai ido ya gani. Rubutunta ya daidaita sosai. Ranar da na gaya wa mahaifiyarta zan rubuto maka, ta ce in tambaya ko za a iya kawo maganin asibitin ƙaramar hukumarmu, saboda kuɗin motar zuwa birni duk wata ya kusa kai kuɗin maganin kansa. Na yi mata alkawarin zan isar, ga shi na isar.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Wata malamar firamare, daga ƙasar Kano.